Agogo ɗaya wa rediyoyina duka: rajistan aikin da nake yi a Garwa

Asabar 6 Janairu 2024

Daga yau zan dinga rubuta abin da nake yi akan wannan aikin, dan masu tambayata a WhatsApp sun yi yawa kuma amsa ɗaya nake ta maimaitawa. Kayan da ke hannuna yanzu: kilen RTL-SDR mai arahan nan baƙi na roba (ƙaramin rediyo mai shiga USB na kwamfuta), wani rediyon kwamfuta HackRF One guda ɗaya, parabol na talabijin a kan rufi, da LNB, wato kan da ke gaban parabol yana karɓan sigina, irin wanda ake samu a kasuwa. Burina in saurari QO-100 ba tare da hannuna yana kan linzamin kwamfuta ina bin sigina ba.

Ga wanda bai sani ba, QO-100 wani sashe ne na masu sha'awar rediyo da aka ɗora akan tauraron Es'hail-2 na Katar, an harba shi a Nuwamba 2018, yana zaune a digiri 25.9 gabas kuma Afirka gaba ɗayanta tana ƙarƙashinsa. Daga nan Garwa yana sama sosai, wajen digiri 70 da ɗan ɗori ta kudu maso gabas, parabol ɗin sai ka ga kaman sama kawai yake kallo. Sashen murya yana saukowa tsakanin 10489.5 da 10490 MHz, LNB yana cire 9750 daga ciki, sai ya rage 739.5 zuwa 740 MHz wanda kile zai iya ji. Akwai baliz, wato siginonin alama da ba sa tsayawa, ɗaya a farkon bandin, ɗaya a tsakiya a 10489.750, ɗaya a ƙarshe.

Toh matsalar ita ce baliz ɗin nan ba ya zama wuri ɗaya a allona. Da asuba cikin sanyin hunturun nan yana wani waje, rana na fara dukan kwano sai ya kama tafiya, kafin azahar ya yi nisan kilohaz masu yawa, iska ta kaɗa ya ɗan dawo, gajimare ko hazo ya rufe rana ya sake juyawa. Murya ta SSB kuwa faɗinta duka bai wuce kilohaz 2.7 ba, ko haz 200 ka kauce mutum ya fara magana ta hanci. Baliz ɗin kam lafiyarsa lau, kayana ne ke yawo. Kaman mai awon hatsi ne da mudunsa ke buɗewa da rana ya tsuke da dare, duk abin da ya auna maka ba ka san gaskiyarsa ba.

Lissafin ba wuya. A cikin LNB akwai kiristal, ɗan abin da ke ba da frekans, na 25 MHz, ana ninka shi sau 390 ya ba da 9750. Kenan in kiristal ya kauce da haz 1 kacal, a sama ya zama haz 390. Ppm ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan, a nan kusan kilohaz 10 ne. Shi kuma wannan kiristal ɗin a waje yake kwana a waje yake wuni.

Asabar 13 Janairu

Kafin in taɓa LNB sai da na fara auna na cikin ɗaki, dan in san rabon kowa a laifin. Na yi amfani da kalibrate-rtl, wanda ke sauraron eriyoyin waya na GSM 900 tsakanin 935 da 960 MHz. Hikimar ita ce ƙa'idar GSM ta tilasta wa kowace eriya ta riƙe frekans ɗinta cikin ppm 0.05, kuma tana sakin wani sauti tsantsa lokaci lokaci a kilohaz 67.7 saman tsakiyar tasharta dan wayoyi su daidaita kansu da shi. Mu ma sai mu ci albarkacinsu. Anan cikin gari rezo na MTN da Orange yana da ƙarfi, ko da guntun waya a matsayin eriya ana ji. Ka buga kal -s GSM900 ya jero maka tashoshi, ka zaɓi mai ƙarfi ka ba shi da -c.

Kilen roba ya nuna ya kauce da ppm arba'in da wani abu, kuma abin da ya fi damuna ba girman lambar ba ne dan ana iya rubuta ta a manhaja a gyara, damuwar ita ce daga kunna shi zuwa ya yi zafi lambar tana ta canjawa. Kiristal ɗinsa na 28.8 MHz ne, ba wani gyaran zafi a jikinsa. Na RTL-SDR Blog V3 yana zuwa da TCXO, kiristal mai gyaran zafi, na ppm 1, wanda duk zai sayi kile sabo gaskiya ya ƙara kuɗi ya ɗauki wannan. HackRF ya fi kilen roba natsuwa amma shi ma ba a tsaye yake cak ba.

Duk da haka a 739 MHz ppm ɗaya haz 739 ne kawai, a LNB kuma kusan dubu goma. Babban mai laifi yana kan rufi.

Lahadi 21 Janairu

Wani ɗan uwa daga Marwa ya ce me zai sa in wahalar da kaina, manhajar SDR Console tana da wurin da za ka nuna mata baliz na tsakiya ta kama shi ta dinga gyara allon da kanta. Gaskiyarsa ne, na gwada kuma yana aiki da kyau, wanda sauraro kawai yake so ya tsaya nan ya huta. Ni abin da ya sa bai ishe ni ba, manhajar tana ɗaukan baliz a matsayin gaskiya ne ta jera komai a bayansa, kenan ba zan taɓa iya auna shi baliz ɗin kansa ba, kuma ranar da na juya eriya wani waje da babu baliz na koma gidan jiya. Ina son ma'auni nawa a kan tebur wanda zan ba kowane rediyo.

Na ba da saƙon modul ɗin GPS na u-blox NEO-M8N da eriyarsa, da OCXO (kiristal mai abin ɗumama kansa) na 10 MHz na hannu irin wanda ake cirowa daga tsofaffin kayan kamfanonin waya, da ƙaramin allon Si5351 mai fitar da frekans daban daban. Akwai GPSDO, wato agogon da GPS ke daidaitawa, haɗaɗɗe na Leo Bodnar da mutane da yawa ke amfani da shi akan QO-100, kyansa ba a magana, amma in ka juya kuɗinsa zuwa sefa ka haɗa da na kawowa sai ka ɗan yi shiru. Zan haɗa nawa.

Asabar 3 Fabrairu

Modul ya iso ta hannun wani direba daga Duwala. OCXO bai zo ba tukun.

Eriyar GPS na ɗaure ta a kan sanda sama da kwano inda take ganin sama ko ta ina, cikin ɗan lokaci ya kama taurari fiye da goma, har da na GLONASS na Rasha. Taurarin nan kowanne yana ɗauke da agogon atom, siginar GPS tana saukowa a 1575.42 MHz, modul yana lissafa wuri da lokaci tare, shi yasa ƙafarsa ta TIMEPULSE ke iya ba da bugu mai bin agogon sama. Daga masana'anta bugu ɗaya take yi a sakan, amma a manhajarsa u-center za ka iya canja ta har zuwa 10 MHz. Da na ga haka na ce bari in gwada kai tsaye in gani da idona.

HackRF yana da ƙofa biyu a gefe, CLKIN da CLKOUT. CLKIN na son 10 MHz mai kusurwa huɗu daga 0 zuwa wajen volt 3, kar ya haura 3.3 kar ya sauka ƙasa da sifili, wannan a kiyaye dan in ka tura masa sigina mai lilo sama da ƙasan sifili ko na volt 5 za ka iya ƙona abu. Kuma ba ya komawa kan agogon waje sai lokacin da aka fara karɓa ko turawa, in ka jona yana cikin aiki sai ka tsayar ka sake kunnawa. Yanda na tabbatar ya gani: hackrf_debug --si5351c -n 0 -r, in babu agogo yana ba da 0x51, da na jona ya koma 0x01. Wallahi na ji daɗin ganin wannan 0x01 ɗin.

Frekans ya zauna daram, eriyar GSM ta faɗo daidai inda ya kamata. Amma allon ya yi datti, kowace sigina mai ƙarfi ta yi 'ya'ya hagu da dama. Dalili: cikin modul ɗin agogon 48 MHz ne ke yanka bugun, 48 kuma ba ya rabuwa da 10 daidai, 4.8 yake bayarwa, dan haka wani bugun sai ya ɗauki taku biyar wani huɗu, kowane taku wajen nanosakan 21. In ka tara su a sakan ɗaya lissafi ya cika cif, amma bugu da bugu karkarwa yake. Rediyo kuma ninka wannan karkarwar yake yi har sama. GPS gwani ne a dogon zango, a gajeren zango OCXO ne gwani, aikin shine a aura su.

Asabar 17 Fabrairu

OCXO ya zo. Gwangwani ne ɗan ƙarami, a ciki akwai kiristal da abin ɗumama shi, yana riƙe shi a zafi ɗaya da ya fi duk zafin da ɗaki zai kai, shi yasa ko Garwa ta haura 40 a watan Afrilu shi bai san ana yi ba. Da farkon kunnawa yana jan wuta sosai, in ya ɗumama sai ya sauko. Yana da ƙafa ɗaya da in ka canja mata volt frekans ke matsawa kaɗan, nan ne linzaminsa.

Tsarin da na bi tsoho ne kuma mai sauƙi. Na saukar da TIMEPULSE zuwa 10 kHz, wanda 48 MHz ke rabuwa da shi daidai. Shi kuma 10 MHz na OCXO na raba shi da 1000 ta 74HC390 guda biyu ya zama 10 kHz. Biyun suna haɗuwa a ƙofar XOR ta 74HC86 mai gwada bugu biyu, abin da ya fito yana nuna wa ya riga wa, sai ya bi ta rezistans da kondansa masu girma su tace shi ya zama volt mai tafiya a hankali, ya shiga ƙafar linzami. In OCXO ya fara gaba volt ya ja shi baya, in ya yi baya ya tura shi.

Na kai allon wurin Malam mai gyaran rediyo a Yelwa dan yana da osilo, na'urar ganin siffar sigina a allo, ni ba ni da shi. Dattijo ne, tun zamanin rediyo mai gajeren zango yake wannan sana'a. Ya jona bugun biyu a allo, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, muna kallo na ƙasa yana zamewa a hankali zuwa dama yana wuce na sama, sai zamewar ta rage gudu, ta tsaya, ta ɗan dawo hagu, ta sake komawa, kowane lilo ya fi na baya ƙanƙanta har suka tsaya tare. Ya cire tabarau ya ce "Kai yaro, wannan daga sama ake riƙe shi?" Na ce "Eh Baba, daga sama." Ya ce in canja kondansan tacewar, irin na ruwa da na sa yana yoyon wuta kuma yoyon na ƙaruwa da zafi, in nemi na filastik ko da zan jera da yawa. Ya buɗe wani gwangwanin madara ya zaɓo min daga tsofaffin da ya ciro, ya ƙi karɓan ko dala.

Girman tacewar nan shine duk sirrin. In ta yi sauri karkarwar GPS za ta ratsa ta shiga OCXO, in ta yi nauyi da yawa kuma sai ya daɗe bai kama ba ko ya yi ta lilo. Na bar ta a tsakiya tukun, sai na ga halinta.

Lahadi 25 Fabrairu

Na sa 74AC04 akan volt 3.3 ya raba 10 MHz gida uku, kowace fita da ƙofarta da ɗan rezistans ɗinta. HackRF ya karɓa, 'ya'yan nan na hagu da dama sun ɓace. Komai na cikin akwatin ƙarfe yanzu, OCXO kuma na lulluɓe shi da soso dan iskar fanka kar ta dinga bugunsa.

Da yamma na sa HackRF a 9996 kHz na ji tashar lokaci RWM ta Mosko tana bugun sakanni, ta faɗo inda ake tsammani. WWV ta Amurka a 10 MHz ba zan iya jinta ba ko da ta iso, dan nawa 10 MHz ɗin yanzu ya cika ɗakin.

Asabar 2 Maris

Ranar LNB. Na sayi mai baki biyu musamman, ɗaya ya sauko da sigina ɗaya ya hau da agogo. Wajen saye a lura, sai mai PLL, da'irar da ke ninka frekans ɗin kiristal, tsofaffin masu DRO ba kiristal a cikinsu ba abin da za ka ba su, kuma wasu masu PLL ɗin na 27 MHz ne ba 25 ba, sai ka buɗe ka karanta jikin kiristal kafin ka shirya komai.

25 MHz ɗin daga Si5351 yake fitowa. Na cire kiristal ɗin allon na shigar da 10 MHz nawa ta kondansa. A ciki ana ninka 10 sau 80 ya zama 800 MHz, a raba da 32, ya ba da 25 cif ba ragowa. Ɗaya PLL ɗin kuma 10 sau 72 ya zama 720, a raba da 25 ya ba da 28.8 na kile. Arduino ƙarami ne ke rubuta masa lambobin duk sanda aka kunna. A bakin fitan 25 na sa matata, wato abin tace sigina, ta naɗin waya da kondansa ta goge kusurwoyin, dan rassan sigina mai kusurwa suna hawa sama har cikin bandin da nake saurara.

Buɗe LNB ɗin shi ya fi cin rai, roba a waje, ƙarfe a ciki da sukurori an shafe su da gam. Kiristal ɗin ɗan mitsitsi ne kusa da cip, ƙarfen dalmana kuma bakinsa kauri gare shi, sai da na goge shi da fayil ya yi tsini. Ƙanena ya riƙe min tocin waya, yana ta cewa "Yaya hannunka na rawa fa", na ce ya yi shiru ya haska. Na ɗaga kiristal, na yanke hanyar baki na biyu daga sauran da'irar da reza, na ja siririyar waya daga nan zuwa ƙafar shigan cip ta kondansa. Aka rufe, aka hau rufi kafin rana ta yi zafi. Volt 13 nake tura masa ta kebul ɗin sauka dan siginar sashen murya a tsaye take saukowa ba a kwance ba, babu sautin 22 kHz dan ya zauna a 9750.

Baliz ya fito a 739.750, ya tsaya. Na bar shi tun hantsi har la'asar, layin a miƙe yake sambal daga saman allo har ƙasa. Na saurari wasu Turawa biyu suna hira da Faransanci kusan rabin awa ban taɓa komai ba. Ƙanena ya zuba ruwa akan LNB ɗin da gangan dan mu gani, a da wannan kaɗai ya isa ya kori sigina daga allo, yau ko gezau.

Tura sigina sama kam ban fara ba, wannan sai da lasisi daga ART, hukumar sadarwa ta Kamaru, ni mai sauraro ne a yanzu.

Asabar 16 Maris

Azumi ya kama, aiki ya koma bayan asham. Kuma a daidai wannan lokacin ne wata sabuwa ta fito. Tsakanin buɗa baki da wajen sha biyun dare wasu ranakun sai in ga baliz ya ɗan yi tsalle ya dawo, in na duba u-center sai in tarar ƙarfin taurarin yana hawa da sauka da sauri sauri, wanda ke 45 yanzu ya faɗo ƙasa da 30 ya sake tashi, wasu su ɓace gaba ɗaya na ɗan lokaci. Da rana ba ya yi, da asuba lokacin sahur ba ya yi. Na canja kebul na canja wutan eriya, duk ɗaya.

Wannan halin samaniyarmu ne. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya bai bi ta inda ikwaitan taswira ya bi ba, a wannan yanki na Afirka ya hauro arewa ya ratsa kusa da mu. A irin wannan wuri bayan faɗuwar rana sashen sama mai caji da ake kira ayonosfiya yana yin kumfa kumfa, siginar tauraro in ta ratsa sai ta wargaje tana ƙyalƙyali. Ya fi yawa a watannin da dare da rana ke daidaita, Maris da Satumba, kuma a shekarun da rana ke kan ganiyar zagayenta na shekara 11, wanda a 2024 muna ciki. Yawancin tsarin GPSDO da za ka gani a intanet mutanen Turai da Amurka ne suka zana, su ba kowane dare suke fama da wannan ba, shi yasa sauƙaƙan da'irorin ba su tanadi komai akai ba.

A nawa tsarin in GPS ya rasa kamu, XOR ba ta san komai ba, duk abin da ta gani shi take turawa, sai ta ja OCXO mai lafiya ta kai shi daji. Maganin shine in sama ta rikice a saki linzamin a bar shi inda yake. Na sa makunnin 4066 tsakanin XOR da matata, Arduino yana karanta saƙon NMEA, rubutun bayanin da modul ke fitarwa, in taurarin da ake amfani da su suka ragu sosai ko kamun ya faɗi ya buɗe makunnin, kondansa su riƙe volt na ƙarshe. Ba ya rufewa kuma sai kamu ya dawo ya zauna na wasu mintuna. Nan ne shawarar Baba ta yi rana, da kondansan ruwa ne da volt ɗin ya zube kafin sama ta lafa. Na kuma ƙara nauyin matatar, na ce wa modul ya daina kula taurarin da ke ƙasa da digiri 20 dan su suka fi ratsa sama mai kauri.

Lahadi 24 Maris

Wuta na yawan ɗaukewa da zafin nan, OCXO kuma ba ya son a kashe shi, in ya huce ya sake ɗumama yana ɗaukan lokaci kafin ya natsu. Na mayar da akwatin kan batirin sola kai tsaye da regiletansa daban, dare da rana a kunne. Na lura caja mai arha ta waya in tana jone a layi ɗaya tana sa datti a allo, na raba su.

Asabar 30 Maris

Frekans daban lokaci daban, wannan makon na lokaci ne. 10 MHz yana gaya wa rediyo saurin da zai yi taku, amma ba ya gaya masa ƙarfe nawa. Ga WSPR, tsarin tura raunanan sigina ta kwamfuta, ana buƙatan biyun, dan faɗin siginar wajen haz 6 ne kacal, kuma kowa yana fara turawa a sakan na farko na minti mai cika biyu biyu ya yi kusan sakan 111. FT8, wani tsarin irinsa, ma zagayen sakan 15 ne. In agogon kwamfuta ya kauce da sakan biyu zuwa uku sai ka ga sigina a allo amma ba rubutu. Da intanet na waya nake daidaita agogo, ranar da rezo ya yi nauyi ko kuɗin data ya ƙare shikenan.

M8N ƙafar bugu ɗaya gare shi kuma na riga na ba ta aikin 10 kHz. Raba 10 kHz ɗin da dubu goma zai ba da bugu ɗaya a sakan amma ba zai san farkon sakan ba. Dan haka na ƙara wani modul mai arha NEO-6M, aikinsa PPS kawai, wato bugu ɗaya a farkon kowane sakan. Bugun ya shiga GPIO 18 na Raspberry Pi, manhajar gpsd tana karanta ƙarfe nawa daga NMEA, manhajar chrony tana ɗaukan bakin bugun a matsayin farkon sakan. NMEA shi kaɗai yana makara da wani ɓangare na sakan kuma makarar ba ɗaya ba ce kullum, shi yasa dole a haɗa da PPS. Yanzu Pi ɗin ne ke ba laftof lokaci ta kebul, ko babu intanet sam. Na bar rediyo a 14.0956 MHz na WSPR kwana guda, tashoshin Turai suka cika shafi, ginshiƙin DT mai nuna tazarar lokaci duk kusa da sifili.

Asabar 13 Afrilu

Barkanmu da Sallah. Da hutun na cire kiristal ɗin kilen roba na ba shi 28.8 daga akwati, kal yanzu yana nuna ƙasa da ppm ɗaya sosai kuma ba ya motsi daga sanyi zuwa zafi. Na yi wa wani kile na biyu haka, dan ina son gwada rediyo biyu akan sigina ɗaya in gane ta ina take zuwa.

Agogo ɗaya ya hana su rabuwa, amma bai sa sun fara tare ba. Kowanne yana fara turo samfurinsa ta USB a lokacin da kwamfuta ta waiwaye shi, tazarar kuma sabuwa ce duk kunnawa, haka ma faz, wato inda lilon kowane rediyo ke farawa, yana faɗowa inda ya ga dama duk sanda ka canja frekans. Abin da ya yi kyau shine in sun fara tazarar ba ta canjawa, dan haka ana iya auna ta sau ɗaya a cire. KrakenSDR mai rediyo biyar haka yake yi, yana da abin ƙara, wato mai fitar da hayaniyar rediyo, a ciki da yake kunna wa duka a lokaci ɗaya ya jera su. USRP B210 kuma yana da ƙofar 10 MHz da ta PPS, ka ce masa a bugu na gaba lokaci kaza ne, kowane samfuri ya fito da hatimin lokacinsa. Wannan ya fi ƙarfin aljihuna, hanyar abin ƙara zan bi, diyod zena da ɗan amfilifaya da makunni.

Asabar 20 Afrilu

Na bar kwamfuta tana rubuta frekans ɗin baliz na tsakiya dare da rana, na zana shi. Akwai wani lanƙwasa a hankali na haz gomomi, yana hawa yana sauka, gobe ya maimaita a kusan lokaci ɗaya. Na duba volt ɗin linzami da zafin akwati, ba su bi wannan zanen ba, kuma ƙwanƙolinsa bai faɗo da tsakar rana ba. Tauraron ne. Ana cewa a tsaye yake amma yana ɗan kai da komo a wurinsa cikin kwana guda, kuma a 10489 MHz gudun mita ɗaya a sakan zuwa wajenka ko nesa da kai haz 35 ne, ga na hawa ma dan daga ƙasa ake tura baliz ɗin. A watan Janairu wannan yana binne ƙarƙashin kilohaz na yawon LNB, yau daga ɗakina ina ganin motsin abu da ke sama da kilomita dubu 35. Na tura wa ɗan uwan nan na Marwa zanen, ya ce zai nemi LNB mai baki biyu, mun yi da shi in ya haɗa nasa mu rubuta a rana ɗaya mu gwada zanen biyu.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma. Kafin ruwan farko dole in sake hawa rufi in shafe bakin LNB da silikon inda na buɗe, in naɗe mahaɗan kebul biyun, in kafa ƙarfen ƙasa wa sandar eriyar GPS saboda tsawa. Zena da makunnin abin ƙara suna hanya, direban ya ce sai Laraba.